Darbejiyar Ƙofar Ba Madu

Dokta Munira malamar tarihi ce daga Kano. Ta zo Maiduguri zaman bincike na ɗan lokaci, aka haɗa ta da Pindar, masanin itatuwa ɗan kudancin Borno, su duba yadda bishiyoyin gari ke ƙarewa. Shi yana yawo da na'urar gwada zafi, ita da rikoda. Da farko, ko keke ɗaya suka shiga, hirarsu ba ta wuce gaisuwa.

A unguwar Mafoni ta samu abin da take nema, wata tsohuwar darbejiya a ƙofar gidan Ba Madu, dattijo tela. A gindinta dattawan layin ke zama tun hantsi. Nan ake raɗin suna, nan ake sulhu, nan aka dafa wa waɗanda ambaliya ta raba da gidajensu abinci. Ta yi ta zuwa har suka saba.

Ranar da ta kawo Pindar, ya zagaya bishiyar, ya ƙwanƙwasa, ya zura ƙarfe ta wani rami. Ƙarfen ya shige duka.

"Dokta, gara ta cinye cikinta," ya ce a hankali. "Iskar farkon damina za ta kwantar da ita a kan gidan nan."

"Ko rassa a rage mata?"

"Ba zai hana ba. Kuma in ni na faɗa, cewa za su yi ɗan gwamnati ne. Ke suke ji."

Abin bai yi mata daɗi ba, don a kan bishiyar nan ta ɗora rabin aikinta. Ta leƙa ramin da kanta, sannan ta je ta durƙusa ta faɗa wa Ba Madu. Ya juyo ya dube ta.

"'Yata, kin gani da idonki?"

"Na gani, Baba."

"To, a bari Juma'a ta wuce."

Bayan an sare bishiyar, dattawan suka koma rumfar kwano. Pindar ya auna, ya ga zafi ya ƙaru sosai. Ita kuma Munira ta lura Ba Madu ba ya fitowa sai bayan la'asar, wasu sun daina zuwa sam, rigimar maƙwabta ma sai a kai wa mai unguwa.

Da ta gaya wa Pindar, ya ajiye na'urarsa. "Awona bai nuna min majalisa ta watse ba. Wannan babin na rahotonmu sai dai mu rubuta tare."

Kafin ta koma Kano, Pindar ya kawo dashen darbejiya. Ba Madu ya ce shi mangwaro yake so, jikoki su sha. Pindar ya ce mangwaro sai da ruwa, ruwa kuma wahala yake a Mafoni. Suka yi ta ja, a ƙarshe aka dasa duka biyun, matar Ba Madu ta ɗauki nauyin ban ruwa.