Ranar da Agwagwa Ta Fashe

A gidanmu Inna ce ta fi kowa yi wa Agwagwa addu'a, kuma ita kaɗai ce ba ta san ko mece ce ba. Inna uwar mijina ce. Idonta ya yi rauni, amma kunnenta ko allura ta faɗi sai ta ji. Tun da ta ji ɗanta yana yawan cewa "bari dai ta fashe", ta ɗauki kalmar ta saka a addu'arta ta bayan sallah. Allah ya sa ta fashe, Allah ya sa ta fashe da alheri.

Agwagwa kuɗin kirifto ce, irin waɗanda ake saye a waya, tambarinta agwagwa sanye da baƙin tabarau. A bakin masu harkar, in aka ce abu ya fashe, ana nufin farashinsa ya yi sama, kowa ya kwashi rabonsa. Ni a kantin magani nake aiki. A wurinmu in kwalba ta fashe, tsintsiya ake ɗaukowa.

Maigidana direban tasi ne, kuma ba baƙo ba ne a harkar. Ya daɗe yana zuba ɗan abin da ya rage masa a wata kwandalar kirifto da 'yan ci-rani ke aika kuɗi gida da ita. Tsohuwa yake kiranta, don ba ta gudu. Shi da kansa ya taɓa zaunar da ni ya nuna min fuskokin waɗanda suka ƙirƙiro ta, da aikin da take yi, da yadda mutane ke amfani da ita kullum ko ana zancenta ko ba a yi. A lokacin har burge ni ya yi.

Sai fasinjoji suka ɗauko zancen Agwagwa. Duk wanda ya zauna a kujerar baya labarin ɗaya ne: wani ya sayi gida, wani ya ajiye aiki. Ba wanda ya taɓa faɗin sunan wanin nan. Mutum ya yini cikin cunkoso ana zuba masa wannan a ƙeya, dole wata rana ya waiwaya. Ya sayar da Tsohuwa ya sayi Agwagwa. Da ta ɗan motsa sama, sai ya kai motar wurin dillali ya ƙara da kuɗinta. Suka yi da dillalin zai riƙe ta zuwa ƙarshen wata, in ya mayar da kuɗin da ɗan ƙari ya karɓi abarsa, in bai mayar ba a sa ta a kasuwa. Motar nan ita ce cinmu, ita ce makarantar yara, ita ke kai Inna asibiti.

Ban yi faɗa ba, tambayoyinsa na da kawai na mayar masa. Wa ya yi Agwagwar? Ya ce ba sa bayyana kansu, wai don tsaro. Me take yi? Ya ce ai yawan masoyanta shi ne ƙarfinta. Na ce mu dai in aka kawo mana magani babu sunan kamfani, babu ciwon da yake warkarwa, ko kyauta ne ba ma ɗora shi a kanta.

"Ke komai sai kin karanta takardar cikin kwali," ya ce. "Kafin ki gama karantawa mutane sun kwashe."

Daga nan na ja bakina. Haushin ya yi kwanakinsa ya gaji ya tafi, bai bar komai a gurbinsa ba. In tashi, in dafa, in tafi kanti, in dawo. Kullum ina wuce inda motar ke kwana a ƙofar gida, tabon baƙin mai yana nan a ƙasa, ni kuwa ba na jin komai.

Ana gab da ƙarshen watan na dawo da la'asar na same shi a bakin gado da takalmi a ƙafa, wayar na jone da bango. Ya miƙo min. Layin farashin Agwagwa ya sauko a miƙe har ƙasa. Waɗanda suka yi ta sun kwashe komai sun rufe shafinsu, zauren hirar waya da masoyanta ke ta ihu a ciki ma an goge shi. Agwagwar ce kawai ta rage da tabaranta. Na tsaya ina kallon wani tsagi a kusurwar gilashin wayar, ina tunanin ya kamata a canza shi. Iyakar abin da ya zo min ke nan.

Na tambaye shi Tsohuwa fa. Ya duba ba da son ransa ba, ya ce tana nan tana tafiyarta. Sannan ya yi wata busasshiyar dariya, ya rage murya.

"To, ga shi dai ta fashe."

Ashe Inna na bakin ƙofa. Ta shigo tana dafa bango, fuskarta a washe, rabon da in gan ta haka har na manta. Ta ɗaga hannu ta yi hamdala, ta lalubo kan ɗanta ta shafa, tana cewa ita dama ta san addu'arta ba za ta faɗi ƙasa ba.

"Tashi ka karɓo motar tun dillalin bai rufe ba. Gobe ina da ganin likita, na gaji da hawa motar mutane."

Ya dube ni. Na san bakina yake jira, ni mai karanta takardar cikin kwali. Ko tausayinsa ban samu a kusa ba.

"To, Inna," ya ce.

Ya zare wayar, ya ɗauki makullin motar na biyu da ke rataye a ƙusa tun ranar da aka kai ta, ya fita.

Inna ta ce in fitar mata da kujera ƙofar gida, wai ko ba ta gani ta san kukan injin, tun daga kwana za ta gane shi. Na ɗauki kujerar na kai mata, na ajiye a gefen tabon man, na gyara mata mayafi ta zauna.