Ranar Da Tanka Ta Kife A Gauraka

Duk 'yan ajin Muhsina sun haddace labarin yayanta Saifullahi, don ba ta gajiya da ba da shi. Ɗan acaɓa ne, kuma shi ne ya taɓa bin ɓarawon jaka tun daga kasuwar Suleja har mahaɗar Diko, ya dawo da jakar da tabo a gira. Shekararta goma sha huɗu, kuma a ganinta namiji shi ne wanda bai san tsoro ba.

Ranar Asabar takan bi mahaifiyarta, Inna Bilkisu, Gauraka, inda suke sayar da shinkafa da wake a bakin titi. Kusa da rumfarsu akwai Baba Nata'ala mai faci, dattijo siriri mai in'ina, wanda ko taya ce ta fashe sai ya zabura ya dafe ƙirji. Muhsina takan kwaikwayi maganarsa idan ya juya baya.

A shekarar 1994 ne, lokacin da fetur ya yi wuya har motoci ke kwana a layi. Wata Asabar da hantsi, Inna ta shiga cikin gari cefane, ta bar ta da tukunya a kan wuta. Sai ga wata tankar mai ta taho a guje, ta kauce wa rami, ta yi tangal-tangal, ta kife a gefen titi. Direban ya fito ta taga yana ɗingishi. Kafin ƙura ta lafa, warin fetur ya cika ko'ina. Man na bulbulowa, yana bin kwatar da ta wuce ta bayan rumfunan abinci.

Mutane suka ɓarke da gudu, masu jarka, masu bokiti, har da mai kwanon wanki. Saifullahi, wanda ya sauke fasinja a wurin, shi ne kan gaba. Ya naɗe wando, ya shiga kwatar har gwiwa yana dariya.

"Muhsina! Zubar da ruwan bokitin nan ki kawo!"

Ta zubar, ta ruga. Tana tsugunawa idanunta suka fara yaji, kanta ya sara. Man ya jiƙa bakin zanenta, sanyi ƙalau. Ta ɗaga kai don ta sha iska, sai ta hango hayaƙin murhunsu yana tashi, taku kaɗan daga kwatar. Bayansa ga na mai ƙosai, ga na mai tsire.

"Yaya, wutarmu na ci."

"Ke dai ɗebi! Ba abin da zai faru."

Ta so ta yarda da shi kamar kullum, amma idonta ya ƙi barin hayaƙin.

A lokacin ta ga Baba Nata'ala. Ya cika tsohon kwanonsa na gwada tiyub da yashi, yana tafe yana haki. Ya sauke tukunyarsu da hannu ba tsumma, ya juye yashin a murhu, ya tattake. Ya koma ya sake cikowa, ya nufi murhun mai ƙosai. Mai ƙosai ta tare shi tana masifa, wai man suyarta ya riga ya yi zafi. Ya durƙusa a gabanta.

"D-don Allah, Hajiya. Y-yara ne a cikin kwatar can."

Ta dube shi, ta dubi kwatar, ta matsa gefe.

Wani ƙaton kwandasta ya iso da taba a baki. Baba Nata'ala ya miƙa hannu ya zare ta, ya murje ta cikin tafinsa. Ƙaton ya ɗauke shi da mari har hularsa ta faɗi. Dattijon bai ɗauki hular ba, ya wuce wurin mai tsire.

Muhsina ta ajiye bokitin. Saifullahi ya kira ta sau biyu, ba ta waiga ba. Ta tarar da Baba Nata'ala yana kwasar yashi, tafin hannunsa ya tashi.

"Baba, in taya ka?"

Ya shinshina, ya dubi zanenta, idanunsa suka firfito. "K-kada ki matso wuta! Je ki tsallaka titi. Duk mai babur da kika gani, ki ce ya t-tura, kada ya tayar."

Ta tsallaka. Ta tsaya a rana tana ɗaga wa masu babur hannu. Wasu suka saurare ta, wasu suka zage ta suka wuce. Duk ƙarar da ta ji sai ta runtse ido, tana jiran ta ji ihu. Daga nan tana hango kan Saifullahi yana sunkuyawa yana ɗagowa cikin kwatar, tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta.

Sai bayan azahar 'yan kwana-kwana suka iso daga Abuja, 'yan sanda suka kori jama'a. Wuta ba ta tashi ba.

Da yamma a tsakar gida, Saifullahi ya jera jarkoki huɗu, yana ba yaran maƙwabta labarin yadda ya riga kowa shiga. Ya juyo gare ta.

"Gaya musu, ai kina wurin."

Muhsina ta dubi jarkokin. Tana son yayanta kamar jiya, amma ƙafafunsa da man ya saɓule ta tsaya kallo, da kuma Inna da ke ƙoƙarin hura wutar tuwo a can gefe.

"Yaya, fitar da jarkokin nan waje tukuna," ta ce.

Ya yi dariya, ya ce yaushe ta zama matsoraciya. Ba ta musa ba. Ta tsaya a gaban murhun, ta hana Inna ƙyasta ashana, har sai da ya gaji ya kwashe su ɗaya bayan ɗaya zuwa kangon bayan gida.