Alamar Makiyaya

A shekarar 1985, bayan farin da ya cinye dabbobin Damargu, wani furoje, wato shirin agaji mai raba hatsi, ya kawo na'ura mai ƙwaƙwalwa guda ɗaya ofishinmu na Tanut. Ni aka koya wa rubuta mata tsari, ni kuma na rubuta wanda yake fitar da sunayen iyalan da za a ba buhu.

A layi ɗaya ake ba shi umarni: sunan tsarin, sai alamomi, sai sunan yanki. Alamar /M ita ce take cewa a haɗa da makiyaya, waɗanda ba a rubuta su a kowane gari ba. Domin in gama da wuri, na sa tsarin ya daina karanta layin da zarar ya ga sunan yanki. Duk abin da ya biyo baya, sai ya watsar ba tare da ya ce uffan ba. Na san da haka. Na ce a raina zan gyara.

Malam Jibo ne yake buga umarnin. Ya girme ni, har ƙanena yake ce mini, ya yi shekara ashirin da biyu a kan keken rubutu, kuma tun zamanin takardun haraji a ƙasan shafi ake sa makiyaya, bayan mutanen gari. Hannunsa ya saba. Ranar da aka fitar da sunayen yankin Belbeji, ya buga sunan yanki, sannan ya bi shi da /M.

Takarda ta fito tsaf, mota ta tafi da buhunan da ta ƙayyade.

Bayan kwana tara, Rissa, babban wani zangon makiyaya, ya iso ofis a ƙafa.

"An kira kowa, ba a kira mu ba," in ji shi. "Iyali arba'in da ɗaya. Muna zaune a rana har aka kakkaɓe buhun ƙarshe."

Darakta ya kira mu, ni da Jibo, ya ce dole ɗayanmu ya amsa wannan laifi da aikinsa.

"Ranka ya daɗe, ga M ɗina nan," in ji Jibo, yana nuna kwafin layin. "Ƙatuwa ma, ko ba tabarau ka gan ta." Sai ya juyo gare ni. "Attahir, ƙanena, faɗa masa. Ai na sa."

Na dubi takardar, na ce, "Ya sa, amma ba a wurinta ba."

Ban yi ƙarya ba. Shekara da shekaru ina gaya wa kaina haka.

A ƙarshen wata aka sallame shi. Da zai tafi, ya miƙo mini makullin durowarsa, ya ce, "Ka yafe mini, ƙanena. Ka koya mini da haƙuri, ni kuma na kunyata ka."

Washegari na gyara tsarin. Layi shida ne kawai, ko shayi bai gama tafasa ba. Daga ranar yana karanta umarni har ƙarshe, in kuma bai gane wani abu ba, sai ya tsaya ya faɗa. Mota ta biyu ta je Belbeji bayan mako uku, ta tarar mutanen Rissa sun tashi sun yi kudu.

Jibo ya koma garinsu Falanko noma, ya rasu a daminar 1988. Na je ta'aziyya da niyyar in faɗi gaskiya. Matarsa Jummai ta yi magana daga bayan zana, ta ce marigayin bai taɓa ambaton sunana ba sai da addu'a. Na ce Allah ya jiƙansa, na ɗauki takalmina.