Sadakar Ɗan Majalisa

Zaven Tumasyan da kansa ya rungumo tukunyar, shi da ko jakarsa sai direba ya riƙe masa a birnin Yerevan. Jikarsa Nare na kwance a asibiti, gobe za a yi mata aikin zuciya. Shi ya sa ya zo ƙauyenmu ya yanka ragon matag, wato sadakar roƙon lafiya, a bakin tsohon coci, aka dafa naman da ruwa da gishiri kawai. Saura a kai gidaje bakwai kafin rana ta faɗi, in ba haka ba sadakar ba ta cika ba.

Mu muka riƙa tura shi majalisa, zaɓe bayan zaɓe, kuma Allah ya sani mun so mutumin nan. Shi ya jawo mana bututun gas, shi ya sa aka gyara gada. Sai ga dokar haɗe ƙananan makarantu. Jam'iyya ta ce a goyi baya, Zaven ya danna maɓalli ya amince. Aka garƙame makarantarmu. Masu yara suka tattara suka koma birni, aka bar mu tsofaffi da karnuka.

Ƙofar Gurgen ya fara bugawa, abokinsa tun suna satar tuffa tare.

"A'a, ranka ya daɗe! Yau majalisa ta tashi da wuri ke nan?"

"Gurgen abokina, matag ne. Na Nare."

Gurgen ya daɗe yana kallon naman da aka naɗe cikin lavash, burodinmu mai faɗi.

"Allah ya ba ta lafiya," in ji shi. "Ni nawa jikokin ko tsayinsu ban sani ba yanzu. Kai wa jam'iyya ta ci."

Gurgen bai rufe ƙofar da ƙarfi ba, a hankali ya tura ta.

A wurinmu ba a mayar da matag, ko daga hannun ɓarawo ya fito. Amma ranar an mayar. Wasu suka leƙo ta labule suka ƙi buɗewa. Wasu gidajen kuwa sai da ya gama ƙwanƙwasawa sannan ya lura da kwaɗon da ya yi tsatsa. Kai, abin ba daɗin kallo!

A kan dakalin makarantar yayarsa Araksi ta same shi zaune. Nan ta ƙare ƙuruciyarta tana koyarwa, kuma tun ranar ƙuri'ar nan ko gaisuwa ba ta haɗa su ba.

"Tashi. Dubi yadda ka ɓata kwat da romo."

"Yaya, ba wanda ya karɓa. Ko ke ki karɓa mana."

"'Yan gida ba sa cin nasu matag. Har wannan ka manta?" Ta fizge tukunyar. "Zan ce nawa ne. Ni ma jikata ce, ba ƙarya zan yi ba. Kai kuma je ka shiga mota ka kwanta, kada wani ya hango ka."

"Haba Yaya…"

"Rana na tafiya, Zaven."

Ya shiga kujerar baya, ya naɗe ƙafafu, ya kwantar da furfurarsa. Daga nan yake jin Araksi tana buga ƙofofi, yake jin ana zare sakata gida bayan gida, da muryoyin da ya sani tun yana yaro.

"Allah ya karɓa, Malama. Allah ya tashi kafaɗun yarinya."

Zaven ya ce amin, ƙasa-ƙasa, don kada a ji shi.