Makin Wanda Ya Zauna

Ƙarfe goma na safe ta ɗan gota. Ruwan da aka wayi gari ana yi ya tsagaita, sai yayyafi. Shirwa ya goge takalminsa a bakin ofishin kamfanin jirgin sama, ya karɓi lamba, ya zauna yana jiran a kira shi.

Shirwa ba sunansa ba ne. 'Yan layin masu tabarau ne suka laƙaba masa, wai kullum yana sama. Shekara shida ke nan Maigida, mai shagon tabarau, yana aikensa duk wata zuwa babban birnin bakin teku ya ɗauko gilasan ido irin na likita. Kayan ba sa son jifa. An taɓa aiko su a mota suka iso rabi a tsage, tun daga ranar Shirwa ke ɗauko su a hannu, cikin baƙar jakar da yake matsewa tsakanin ƙafafunsa har jirgi ya sauka.

Amma yau ba tafiya ce ta kawo shi ba. Da safe Maigida ya zaro wani shuɗin kati daga durowa, ya haɗa masa da takarda mai ɗauke da sunan uwargidansa. Ya ce, "Sun turo saƙo wai maki ya taru, in ba a taɓa shi yau ba zai ƙone. Ka ce su yanka mata tikiti da shi, bikin 'yar ƙawarta za ta."

Da layi ya zo kansa, ya miƙa katin da takardar. Ma'aikaciyar, wata mai fara'a da ta maƙale biro a bayan kunne, ta danna kwamfuta ta ce, "Wane ne mai katin?"

"Maigidana ne."

Ta karanto sunan da ta gani. Shirwa ya waiga baya, kamar wani aka kira. Sunansa ne, har da na mahaifinsa.

"Ai ni ne wannan."

"To katinka ne, malam. Makin ma naka ne."

"A'a, baiwar Allah, shi yake biyan kuɗin jirgin. Ni zama kawai nake yi."

"Zaman ake ba maki," in ji ta. "Mu ba ruwanmu da aljihun da kuɗin ya fito. Wanda ya zauna a kujera muka sani."

Ya karɓi katin ya kusanto da shi fuskarsa. Karatunsa bai yi nisa ba, amma sunansa ba ya ɓace masa. Ashe tun tafiyar farko aka buɗe shi da sunansa, Maigida ke ba mai yankan tikiti lambar, katin kuma yana kwance a durowa.

"To shi makin nan," ya ce a hankali, "a ina kuke ajiye shi?"

Ta yi dariya. "A nan cikin kwamfuta."

"Abin da ke cikin kwamfuta yaya ake yi ya ƙone?"

"Kamfani ne ya canza tsari. Tsohon maki duk zai mutu yau in mun tashi, ƙarfe huɗu. Bari ka gani."

Ta juyo masa da allon. Layuka ne a jere, kowanne da kwanan wata. Ta ce duk nisan da ya yi a sama ana aunawa a rubuta masa. Shirwa ya bi layukan da yatsa ba tare da ya taɓa gilashin ba. Ga watan da jirgi ya yi ta girgiza har matar da ke kusa da shi ta riƙe masa hannun riga. Ga wanda aka kwana biyu ba a tashi ba saboda hazo. Can ƙasa kuma ga na wata uku da suka wuce, ranar da aka yi wa matarsa aiki aka ciro jaririyarsu yana tsakiyar gajimare. Abin ya ba shi mamaki. Shi a zatonsa duk ciwon bayan nan da toshewar kunne iska ce ta kwashe, ashe akwai mai lissafi.

"Zai iya kai mutum har ina?"

"Mutum ɗaya, zuwa da dawowa, duk inda ka ga jan ɗigo." Ta nuna taswirar da ke bango. "Kuma ba dole sai kai ba. Wanda ka ga dama za ka ba, kai dai za ka sa hannu."

Ya matsa jikin taswirar. Ya san ɗigon da yake zuwa kullum, bai ko dube shi ba. Idonsa ya tafi can ɗaya ɓangaren, wajen wani ƙaramin ɗigo. Daga wannan garin zuwa ƙauyen surukarsa tafiyar awa ɗaya ce. Tsohuwar ta faɗi ta karye a ƙugu wata huɗu da suka wuce, tun lokacin ba ta tashi ba. A mota kwana biyu ake yi daga nan, likita kuma ya hana matarsa doguwar hanya saboda ɗinkin. Kullum in an kira waya sai tsohuwar ta ce a kara wa jaririyar ta ji kukanta. Matarsa kuwa sai dai ta ajiye wayar ta shiga wanke kwanukan da ta riga ta wanke.

"Da goyo fa?"

"Goyo a cinya yake tafiya. Harajin filin jirgi kawai za ka biya, ba shi da yawa." Ta ɗago takardar Maigida. "To, in yanka wa wannan ɗin?"

"Dakata tukuna. Zan je in dawo."

A shago ya tarar da Maigida yana ɗaure hannun wani tabarau, Mai Agogo na shagon maƙwabta yana zaune a benci da kofin shayi. Shirwa ya ajiye katin a kan kanta, ya faɗi abin da aka gaya masa tiryan-tiryan, bai rage ba bai ƙara ba. Daga ƙarshe ya ambaci surukarsa.

Maigida bai ɗago ba. "Wa ya biya kuɗin jirgin?"

"Kai ne, Maigida."

"To, in na aike ka sayo kwanon wake, mai wake ya yi gyara, gyaran na wa ne?"

"Na mai kuɗi ne."

"Ka gama magana."

Mai Agogo ya kurɓi shayi. "Gyara na mai kuɗi ne, ba musu. Amma in mai waken ya ga ɗan aike ya sha rana ya ba shi ruwa ya sha, sai ka ce ya amayar maka?"

"Wa ya sa da kai?"

"Ba kowa. Tambaya ce. Abincin da suke ba yaron nan a jirgi yana ci shekara shida, shi ma da kuɗinka ne. Ka taɓa ƙoshi?"

"Kai dai ka je ka ji da agogunanka da ba biyun da suka taɓa yarda da juna." Maigida ya juyo wajen Shirwa. Ba mugun mutum ba ne. Shi ya tsaya a asibiti ranar aikin nan har Shirwa ya sauka. Amma ba ya son a gyara masa magana a gaban mutane. "Na riga na gaya wa uwargida, har ta kai ɗinki. Je ka yi abin da na aike ka."

Shirwa ya ɗauki katin ya fita.

Bai hau mota ba, ya taka da ƙafa. Yana tafe yana juya maganar waken. In gyara ne, ai da cikin jakar gilasan aka zuba. Wannan kuwa da sunansa aka rubuta, shi da sunansa bai taɓa hawa kan wani kati ba sai na shaida da na asibiti. Amma kuma in ba don Maigida ba, ina shi ina ƙofar jirgi? Ya tsaya ƙarƙashin wata rumfa da ruwa ya ɗan ƙaru, ya ga jirgi ya ratsa ta cikin hadari. Ya kama kansa yana tunanin mutum nawa ne a ciki suke tara abin da ba su san suna tarawa ba.

Uku saura kwata ya isa ofishin. Kafin ya shiga, ya tsaya a baranda ya kira Maigida.

"An yanka?"

"Ba a yanka ba tukuna. Maigida, sunan maman jaririya zan bayar. Na ce in gaya maka kafin in yi, kada ka ji bayan na yi."

Ya ji ƙarar fankar shago ta cikin wayar. Sai aka kashe.

Ya kira matarsa a gida.

"Katin shaidarki yana kusa? Ɗauki hotonsa ki turo min, da takardar haihuwar yarinya."

"Lafiya? Me aka yi?"

"Wajen Inna za ki. A jirgi."

"Ka ci abinci kuwa yau?"

"Da gaske nake."

"Da wane kuɗin? Baban jaririya, in wani abu ka sayar ka gaya min."

"Ban sayar da komai ba. Maki ne."

"Makin me? Jarrabawa ka yi?"

"Kusan haka. Shekara shida ina zaunawa, yau sakamako ya fito."

Ta yi dariya, dariyar ta tsinke a tsakiya. Ya ji tana jan hanci. Can ta ce, "In ya tashi, ana ganin ƙasa?"

"In babu hadari, har rufin gidaje."

"To bari in nemo katin."

Ma'aikaciyar ba ta tambaye shi komai game da takardar safe ba. Ta ce ya faɗi sunan matafiyar, ya faɗa da ƙaramar murya, don ba sunan da ya saba furtawa a gaban mutane ba ne. Ta ce akwai wuri ranar Laraba, dawowa bayan sati uku. Ya biya harajin, ya sa hannu, na'ura ta turo takarda mai ɗumi.

"Saura maki nawa?"

"Ɗan kaɗan. Ba zai kai ka ko bakin ƙofa ba."

"Shi zai ƙone ke nan."

"Shi kam zai ƙone."

Ya gyaɗa kai. Ya so a ce zai ga yadda abin zai faru, ko allon zai yi wani haske, amma akwai mutane a bayansa.

Biyar ta kusa lokacin da ya koma shago. Mai Agogo ya leƙo, ya ga fuskar Maigida, ya koma wajen agogunansa. Shirwa ya ajiye katin a kan kanta. Maigida ya ture masa shi da bayan biro.

"Ɗauki abinka. Ai an ce naka ne."

"Maigida, ka yi haƙuri."

"Na kira uwargida, na sha abin da zan sha. Kuɗi zan cire in yanka mata." Ya ci gaba da goge wani gilashi da ba ya buƙatar guga. "Tafiyar wata mai zuwa ni zan yi da kaina. Da ta bayanta. Mu ma mu zauna a ba mu makin. Kai ka tsare shago."

Shirwa ya san abin da hakan ke nufi. Ɗan abin da ake ba shi na tafiya shi ke cike masa wata. Ya ce, "To, Maigida."

Ya ɗauki tsintsiya ya share ruwan da takalma suka shigo da shi. Yana sharar yana satar kallon Maigida, wanda rabonsa da jirgi tun kafin wuyansa ya fara ciwo, mutumin da ko waiwaye sai ya juya da kafaɗa gaba ɗaya. Kujerun jirgi kuwa ba su san babba ba.

Da ya gama, ya durƙusa ya jawo baƙar jakar daga ƙarƙashin kanta. A aljihun gefe akwai wani ɗan lanƙwasasshen matashin wuya da ya saya a tafiyarsa ta biyu. Ya kakkaɓe shi, ya ɗora a kan kujerar Maigida, ya tafi sauke labulen gaba.

Maigida ya dawo daga wanke hannu ya ga abin. Ya ɗaga shi, ya juya gaba da baya, ya rasa ina ne samansa. Daga baya ya gano, ya saƙala a wuya, ya jingina da kujera ya lumshe ido.

"In ka gama da labulen," ya ce, "ka kashe fanka."