Gwajin Murya a Bakin Gulbi

Shekara talatin da huɗu Malam Arzika ya yi yana shirya wasan kwaikwayo a Birnin Kebbi, kuma ƙa'idarsa ɗaya ce: ba mai hawa dandamali sai muryarsa ta tsallaka gulbi. Yakan kwashi 'yan wasansa zuwa Argungu, ya tsayar da su a gaɓa, shi kuma ya haye a jirgin abokinsa Labbo masunci. Wanda ya jiyo maganarsa daga can, ya ci. Zamanin marigayi Tamba, babban ɗan wasansa, har masu wanki sukan ajiye sabulu su saurara. Arzika bai daina kewar wannan murya ba.

Bana wasa ɗaya ya rage masa a rai, na ƙarshe, kuma Sa'ida 'yar Gwadangaji ce za ta ja shi. Ya ce in ta faɗi gwaji, babu wasa.

Shi da Labbo suka haye da hantsi. Ya ɗaga hula, ta fara. Yana hango hannuwanta suna motsi, amma iska kawai yake ji.

"Yaran yanzu! Lasifika ta lalata su. Da Tamba ne..."

"Bar Tamba shi huta, shekarassa goma cikin ƙasa," in ji Labbo.

Sau uku yana sa ta sakewa. A na ukun Labbo ya tuntsire da dariya, wasu mata biyu da ke wanki kusa da su ma suka dara.

"Mi kaka ma dariya?"

Labbo ya matso daidai kunnensa, ya maimaita maganar Sa'ida kalma bayan kalma, yadda Arzika ya rubuta ta da hannunsa.

"Tun hwarko nike jin ta. Kunnenka ne yat tsuhwa, Malam."

Arzika ya tuna samari biyu da ya sallama bara a wannan gaɓar, ɗaya har da hawaye.

Can ya ce, "Wurin da take kiran uwarta, muryar ta yi rawa?"

"Ta yi. Har ni sai da nij ji wani abu."

Ya kaɗa hula sau biyu, alamar ta ci. 'Yan wasan suka hau tsalle a can ƙetare. Labbo ya ɗauki gora zai tura jirgi, Arzika ya riƙe masa hannu.

"Dakata. Bari in sa ta sake. Kai kuma ka riƙa faɗa mini, a hankali."