Motar Tsere a Shagon Baba Zaharaddeen

Shekara ashirin da bakwai Zubaidatu tana son ganin abin da ke cikin akwatin wasan tseren nan, ba ta kuwa taɓa faɗa wa kowa ba. Ina za a ce uwar 'ya'ya uku tana begen wasan yara?

A da, shagon Baba Zaharaddeen da ke Ammariyya a Jidda shi ne matattarar samarin unguwa: na'urorin wasa goma sha biyu jere da bango, ka jefa kuɗin ƙarfe ka kama sitiyari. Mata ba sa shiga. Ba a rubuta ba, amma kowa ya sani. Ita iyakarta bakin ƙofa, bayan labule mai kauri, in an aiko ta kiran yayanta Muath. Shi kuwa, Allah ya jiƙansa, baki gare shi kamar rediyo. Duk hanyar gida labarin na'urar tsere yake ba ta, wai motar tana ratsa duwatsu fari fat da dusar ƙanƙara, har ka ji sanyi a tsakiyar Jidda. Kullum sai ya ce gobe zai shigar da ita. Goben ba ta zo ba har aka kai shi makwancinsa.

Da ta ji an sayar da na'urorin ga masu gwangwan, don yaran yanzu wasansu na cikin waya, sai ta ɗauki mota bayan la'asar ta tafi tun kafin a kwashe su. Ta ɗaga labulen. Ashe ɗakin ma ƙarami ne.

"Ƙanwar Muath ce?" in ji tsohon, yana ƙanƙance ido. "Shigo, ya binti, shigo 'yata. Halas, shi ke nan, yanzu ba mai korar kowa."

"Baba, ta tseren nake son gani. Sau ɗaya kawai."

Ya kaɗe ƙurar kujera, ya jona waya, ya jefa ƙarfe. Kiɗan ya tashi tar, injin ya yi gurnani, amma gilashin ya tsaya baƙi ƙirin. Ya buga gefen akwatin, ya sake bugawa.

"Ma'alish, yi haƙuri, 'yata. Na manta fuskarta ta mutu tun bara. Mai gyaran irinsu ya bar garin."

Duk da haka ta zauna, ta riƙe sitiyarin, ta taka totur. Ta yi ta juyawa cikin duhu har ƙarar karo ta cika ɗakin, kiɗan ya yanke. Hawaye suka zubo mata, ba ta kuma ɓoye su ba.

"Baba, don Allah gaya mini. Da gaske akwai ƙanƙarar, ko daɗin bakin Yaya ne?"

Tsohon ya daɗe yana kallon gilashin kafin ya sunkuyar da kai.

"Wallahi ban sani ba, 'yata. Ban taɓa dubawa ba. Ni ƙofa nake tsaro."